Ranar da Mamanku Ta Fassara Mini Fim ɗin Italiya

Nana, ke da Sadiq kun tashi da labari iri biyu a kan rabuwata da mamanku, kuma babu na gaskiya a ciki. Dangina suna cewa ta zama dakta sai ta ga tela ya yi mata kaɗan. Danginta suna cewa kishin karatunta ne ya cinye ni, na sake ta na gudo na bar ku a ƙasar mutane. Na daɗe ina ji ina yin shiru. Yanzu da Allah ya sa hannuna ya saba da biro, zan rubuta muku yadda aka yi da kaina, ko da zai ɗauke ni wata guda, don har yau a hankali nake rubutu.

A shekarar da nake magana muna zaune a unguwar Cheras a Malesiya, hawa na sha huɗu, ɗaki biyu da falo. Ke Nana kina da shekara goma sha ɗaya, Sadiq yana da bakwai. Mamanku Rabi tana shekara ta uku a karatun dakta. Ni kuma abin da aka buga a fasfo ɗina shi ne mijin ɗaliba, wato takardar zamana a Malesiya a jikin tata take rataye. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Keken ɗinkina yana bakin tagar falo, ina yi wa matan 'yan Najeriya ɗinkin suna da na Sallah, ina girki, ina kai ku makaranta. Ban taɓa jin wannan ya rage ni da komai ba. Abu ɗaya ne ba ni da shi, karatu. Allo na baki na yi, ban kai ga rubutu ba aka sa ni a shagon ɗinki. Awon mace talatin yana kaina ban rubuta ko ɗaya ba, tashoshin jirgin ƙasa kuwa da ƙirga nake gane su. Duk abin da ya wuce nan, mamanku ce. Takardar makarantarku, kwalin magani, saƙon da ya shigo waya, har sanarwar da ake liƙawa a cikin lif. Tun muna Fagge haka muke. In miƙa mata in ce:

"Maman Nana, me aka ce a nan?"

Sai ta ajiye abin da ke hannunta ta karanta mini da ƙarfi, ta mayar da shi Hausa. Shekara goma sha huɗu ban taɓa jin ta yi tsaki ba, ni kuma ban taɓa tambayar kaina ko ta gaji ba.

Wata Asabar da hantsi ta same ni ina yanka atamfa, ta ce jami'arsu tana nuna tsofaffin finafinan ƙasashen waje a wani ƙaramin zaure. Satin da ya wuce ta ga wani na Italiya, yau za a sake nuna shi bayan azahar, tana so mu je tare. Na yi mamaki, don rabon da mu fita mu biyu har na manta.

"Ni da Italiyanci? Turancin ma ya muka ƙare da shi?"

"Akwai rubutu a ƙasan allon. Zan fassara maka."

"To tunda Dakta ce da kanta ta yi kira, wa ya isa ya ƙi?"

Tun kafin ta gama karatun nake ce mata Dakta in ina son tsokana. Ranar ba ta yi dariya ba. Muka kai ku gidan maƙwabta muka tafi.

Zauren bai cika ba, kuma sanyin na'ura ya yi yawa. Ita ta zaɓi layin ƙarshe, can lungu, ta ce don kada raɗarta ta dami mutane. Fim ɗin baƙi da fari ne, tsoho ƙwarai. Wani gari ne a bakin teku, gidaje a jikin tsauni. Mutumin mai gyaran agogo ne, matar tana aiki a gidan waya, sun daɗe suna son juna har garin ya saba ganinsu tare. Babu faɗa, babu duka, babu wani na uku da ya shiga tsakaninsu. Kawai kana kallo kana ganin abin yana mutuwa. Su zauna cin abinci ba wanda ya dubi wani. Su yi tafiya a bakin ruwa tana gaba yana baya. Ni da na saba da fim mai rawa da waƙa, da farko har na fara hamma, amma daga baya ya kama ni. Mamanku tana jingine da kafaɗata tana raɗa mini duk abin da suka ce. Kusa da ƙarshe aka nuna su a kicin. Matar ta juya baya tana ɓare lemo, ɓawon yana sauka zarara bai tsinke ba, rediyo yana magana a gefe. Idona yana kan hannun matar, kunnena yana bakin mamanku. Sai muryarta ta yi ƙasa sosai, ta ce:

"Tana ce masa, ba ka taɓa yi mini laifi ba, shi ya sa na rasa ta inda zan fara. Kullum kafin in tashi ka haɗa mini shayi mai citta ka rufe. Da mugu ne kai da na samu bakin magana. Ina ganin girmanka kamar na yayana, amma abin da ke tsakanin mace da miji ya daɗe da fita daga zuciyata, na neme shi na rasa. Na zama idonka, na zama bakinka, har ban san ranar da muka yi hira ta ƙarshe ba. Ina so in tafi. Ba wurin kowa ba. Ka yafe mini."

A allon, mutumin ya tashi ya hau gyaran wata taga da iska ke bugawa. Washegari matar ta hau jirgin ruwa, shi kuma ya tsaya a bakin gaɓa riƙe da laimarta da ta manta. Aka kunna fitila.

Da muka fito muka shiga shagon abinci na Indiyawa Musulmi, irin wanda ake kira mamak, na sa aka kawo gurasa da shayin madara. Ina cikin nishaɗi, don na ga fim ɗin Turawa na kuma gane shi daga farko har ƙarshe.

"Wallahi mai agogon nan sakarai ne," na ce ina yagar gurasa. "Mace ta faɗa maka magana irin wannan, kai kuma ka tashi kana gyaran taga?"

Ta daɗe tana kallona.

"Kai da me za ka yi, Abban Nana?"

"Ni? Ni ai ba za a faɗa mini ba. Amma kin ga abin mamaki, ashe Italiyawa ma sun san shayin citta. Na ɗauka ni kaɗai ne gwani."

Ta kifa kai a kan tebur kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka dariya take yi. Har na ƙara mata da wani wasan.

Abin da mamanku ba ta sani ba shi ne wata biyu kafin wannan rana na shiga ajin yaƙi da jahilci a ɓoye. Wani dattijo ne, Malam Isiyaku, tsohon malamin firamare daga Gusau, ya zo wurin ɗansa ana yi masa maganin gwiwa. Zaman banza ya ishe shi, ya tara mu mu uku a ƙaramin masallacin unguwarsu. Biyun suka gudu kafin mu kai harafi na goma, na rage ni kaɗai, sai muka koma benci a bakin tafkin Titiwangsa. In na kai ku makaranta in wuce can da littafina a cikin jakar yadi. Niyyata ranar da za a ba ta takardar dakta in rubuta mata barka da hannuna. Malam mutum ne mai tsokana. In na rubuta harafi ya karkace sai ya ce:

"Garba, wannan da wando ne da mai shi ya dawo maka da shi. Farke ka sake."

Da na fara haɗa Hausa, ya ce lokaci ya yi da zan taɓa Turanci, tunda shi ne a allunan garin. Ya ce hanya mafi sauƙi ita ce in karanta abin da na riga na san ma'anarsa. Na ce ai kuwa akwai fim ɗin da na haddace kaf, don kaina ba ya sakin abin da ya ji sau ɗaya. Takardar da aka raba mana a ƙofar zaure, mai ɗauke da sunan fim ɗin, tana cikin aljihun keken ɗinkina, na kawo masa, ɗansa ya nemo fim ɗin ya sa mana a kwamfutar hannu. Kwana uku muna bi a hankali. Malam ya tsayar, in faɗi abin da aka ce da Hausa, shi kuma ya nuna mini kalmomin da ɗan yatsa. Duk inda muka bi, fassarar mamanku daidai take, har yana cewa:

"Kai, matar nan taka ta iya. Ko a rediyo aka sa ta za ta ci abinci."

A rana ta huɗu, wata Laraba, muka iso kicin. Matar ta juya baya ta fara ɓare lemo. Na gyara zama, don nan ne wurin da na fi so, na zuba masa jawabin tun daga "ba ka taɓa yi mini laifi ba" har zuwa "ka yafe mini", ban tsallake ko kalma ɗaya ba. Da na gama na ga bai ɗaga yatsa ba. Ya mayar da wurin baya, ya kalla. Ya sake mayarwa. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Ina ka ji wannan?"

"A nan mana, Malam. Ga ta nan tana faɗa."

"Garba, duba ƙasan allon. Me ka gani?"

Na duba. Babu komai. Fari fat, sai hannun matar da lemo. Muka jira, muka jira, sannan wani ɗan gajeren layi ya fito ya ɓace.

"Kalma huɗu ce," in ji shi. "Ta ce kofi ya yi sanyi. Shi kuma ya ce zai gyara tagar. Muryar da kake ji rediyo ce. Duk fim ɗin nan matar ba ta taɓa buɗe baki ta ce za ta tafi ba."

"A'a, Malam, wataƙila wannan an yanke. Har maganar shayin citta fa ta yi."

Sai da kalmar ta fita daga bakina na ji ta. Shayin citta. Malam ya rufe kwamfutar a hankali ya mai da idonsa kan ruwa.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Ba fushi ba ne. Kamar an zare kujera ne ina zaune, amma ban faɗi ba, ina nan a rataye. Tafkin yana gabana, mutane suna gudun motsa jiki, wata mata tana tura keken jariri, komai yana nan yadda yake, ni kuma na kasa ko rufe littafi. Wanda bai iya karatu ba ba ya kallon ƙasan allo. Ban taɓa auna tsawon rubutu da tsawon magana ba, abin da ta ce an ce, shi aka ce. Wata huɗu ke nan da matata ta jingina da kafaɗata ta gaya mini tana so ta tafi, ni kuma na kai ta shago na zagi mai agogo. Wata huɗu ina haɗa shayin nan kowace asuba, tana sha tana cewa ta gode. Kuma yanzu da bakina na karanta wa baƙo sirrin gidana, ina murmushi.

"Malam," na ce, "abin da ka ji..."

"Ni tsoho ne, kunnena ba ya riƙe magana. Tashi ka je gida. Kada ka yi komai yau sai tambaya."

A jirgi na ɓata ƙirgata, abin da bai taɓa faruwa ba. Da na rasa inda nake na ɗaga kai na haɗa haruffan sunan tashar ɗaya bayan ɗaya, na ga saura biyu. Ranar na fara karanta allo a garin, kuma ko daɗinsa ban ji ba.

Na same ta a falo, takardu sun cika tebur, ku kuna makaranta. Na zauna a kujerar keken ɗinki na ajiye takardar zauren a gabanta.

"Maman Nana, matar nan ta fim, kofi kawai ta ce ya yi sanyi."

Biron ya tsaya a hannunta. Fuskarta ta canja yadda ban taɓa gani ba.

"Wa ya gaya maka?"

"Na gani da idona. Babu rubutu a wurin."

"Ka gani?"

Na fito da littafina daga jakar yadi na buɗe mata. Ta bi shafukan tana juyawa, sunana, sunanta, sunayenku, layi bayan layi. Sai ta rufe baki da hannu.

"Tun yaushe?"

"Wata shida. Na so in yi miki barka da shi."

A nan ta fashe da kuka irin wanda ba a ɓoyewa. Na bar ta ta yi. Da ta lafa na tambaye ta ko akwai wani, ta rantse babu, kuma har yau na yarda, don ga shi shekaru sun wuce ba ta yi aure ba. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa mini kai tsaye.

"Sau nawa na gwada? In na buɗe baki sai in ga ka riƙo mini kofin shayi. Ranar da na ga fim ɗin ni kaɗai na ce wannan mu ne. Na ce in muna cikin duhu, ba ka kallon fuskata, wataƙila zan iya. Na faɗa, Abban Nana. Na faɗa duka. Sai ka ce mutumin sakarai ne."

"Ai ban yi ƙarya ba," na ce. "Sunansa ne kawai ban sani ba."

Ban yanke komai ranar ba. Na roƙe ta ta ba ni lokaci har ta ƙare karatunta, ta yarda. Wata bakwai muka yi a haka, kuma na yi iya yina. Na daina miƙa mata takarda, in zauna da kwalin magani rabin awa sai na gane shi. Na riƙa janta da hira. Na kira kawunta a Kano, ya yi mana nasiha ta waya har sau uku. Ta yi ƙoƙari ita ma, wallahi ta yi. Amma na lura in na shigo ɗaki sai ta gyara zama kamar ɗaliba ta ga malami. Ladabi ya yi yawa. Wata rana kai Sadiq ka shigo ka same mu zaune shiru, ka ce da Turancinka da ya gauraye da Malayanci, "Abba, an yi mutuwa ne lah?" Muka yi dariya, amma daga ranar na san amsa.

Na san kuma abin da zai ci mini, ba kuɗin aljihu ba. In na sake ta, takardar zamana ta mutu. Ita jami'ar ta ba ta aikin koyarwa, ku kuna tsakiyar makaranta, Hausarku ma da ƙyar. Zan iya riƙe ta, ba wanda zai ce na yi laifi, in ci gaba da ganinku kowace safiya. Ita ba za ta taɓa kai ni ƙara ba, na san halinta. Za ta zauna tana cewa ta gode har mu tsufa. Na yi istihara, na je wurin Malam Isiyaku kafin ya koma Gusau. Ya ce in na yanke, shi zai rubuta mini takardar don kada a samu kuskure.

"A'a, Malam. Shekara goma sha huɗu wani ke karanta mini rayuwata. Wannan ni zan rubuta."

Sati biyu bayan ta ƙare karatunta na zauna a kan keken ɗinki da safe na rubuta. Layi uku ne, amma sai da na lalata takarda shida. Ta bakwai ta fito ba karkata. Na kira ta na miƙa mata da hannu biyu.

Ta karɓa, ta buɗe, sai ta gyara murya ta fara karanta mini da ƙarfi, yadda ta saba da duk takardar da na taɓa miƙa mata.

"Ni Garba na saki matata..."

Ta tsaya. Bakinta yana buɗe.

"Bar shi, Rabi," na ce. "Wannan na san abin da aka ce a ciki."

Ta yi iddarta a gidan, ni na koma wani ɗaki a unguwar Kampung Baru ina zuwa kai ku makaranta kamar kullum. Da iddar ta cika na sayar da keken na hau jirgi. Ke Nana kin ƙi yi mini magana a filin jirgi, kin tsaya bayan mamanku kin juya kai, kuma shekara biyu ba ki karɓi wayata ba. Ban ga laifinki ba. An ce miki Abba ne ya rubuta takarda, kuma Abba ne ya rubuta.

To ga yadda aka yi. Mamanku ba ta raina ni ba, ni kuma ban gudu ba. Ta faɗa mini gaskiya ta hanyar da ta iya, ni ne na yi wata huɗu kafin in ji. In kun gama karantawa ku kai mata ta duba, ta gyara inda na yi kuskure. Amma ku ce mata ba sai ta karanta da ƙarfi ba.